Ƙaiƙayin Don Isidoro

Tabi, farkon watan Yuli

Zuwa ga yayata Bartola Tamay, a Saban.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Don Serapio da duk wanda ke cin abincin murhunki. Ni ma ina nan lafiya, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka sosai, masara ta kai gwiwa, wake ya fara hawanta.

Na ce ina lafiya, amma akwai 'yar matsala, kuma ita ce dalilin rubutowa. Itacen cecem, mai baƙin ruwa mai dafi, ya ƙone ni. Hannuwana biyu sun yi bororo har gwiwar hannu, wuya ma ya samu rabonsa, ga ƙaiƙayi kamar an zuba mini tururuwa a riga. Kada ki yi dariya. Na san bai kamata mai furfura irina, wanda ya girma a daji, ya rungumi cecem ba. A gona abin ya same ni ina sassabe, kuma ba na son tambayoyi a kai.

Na yi abin da kowa ya sani. Na ɓare jan ɓawon itacen cakah, makarin dafin cecem, daga shingen da ke hanyar coci, na dafa, na wanke hannuwan. Ko gezau. Da ina da zumata da na shafa, amma kin san wanda ya raba ni da ita. Kina yawan cewa in manta. Yaya zan manta? Ruperto, mijin da 'yata Fidelia ta zaɓa, ya cinna wa gonarsa wuta a bara ba tare da ya dubi iska ba, wutar ta tsallako ta cinye rumfar amyoyina. Kututtukan da mahaifinmu ya fafe da hannunsa ne, da ƙudan zumanmu marasa harbi waɗanda suka san muryata. Na tsaya a gaban gicciyen bakin gari na rantse ƙafata ba za ta ƙetare ƙofar gidansu ba, kuma ina nan a kan maganata.

An ce sun sami 'ya mace, wai Otilia. Ni ban tambaya ba. An ce kuma kwanan nan kuka take yi ba ƙaƙƙautawa. Ban yi mamaki ba, tunda a gindin lemo suke rataye ragar barcinta, inda iska ke bugawa, ba sa ko rufe mata ƙafa. Wai kunnuwanta irin namu ne, na gidan Tamay. Haka dai mutane ke faɗi.

Ki aiko mini da abin da ya dace ta hannun Abundio mai motar lemo. Ke ce Allah ya ba wa sanin ganyen mahaifiyarmu, ni gatari aka ba ni.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki mai girmama ki,
Isidoro Tamay


Tabi, ranar Talata

Gwaggo Bartola,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba Serapio. Ki yi haƙuri da gajartar gaisuwar, da hannu ɗaya nake rubutu, ɗayan yana jijjiga raga.

Gwaggo, Otilia ba ta da lafiya. Kashinta ya koma kore, da ta fara barci sai ta zabura ta ɓarke da kuka, idonta na hagu kuma ya ƙanƙance. Mun kai ta asibiti a Sotuta. Nas ɗin ta duba ta da kyau, ta ce ba zazzaɓi, ta koya mini haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ce in ci gaba da ba ta nono. Ina yi. Tana sha, amma kukan yana nan, kuma kumatun nan nata da kowa ke sha'awa sun fara zubewa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Tsofaffin unguwa sun ce ido ne ya kama ta. Wani ya dawo daga rana jikinsa da zafi, ya kalle ta da marmari bai ɗauke ta ba, zafin ya sauka a kanta. Sun ce sai shi wannan mutumin ya zo ya ɗauke ta, ya tauna ganyen ruda, tsiron nan mai ɗaci da ƙarfin wari, ya fesa mata a maɗiga. To, Gwaggo, babu wanda bai ɗauki 'yar nan ba a Tabi. Malamin makaranta ya zo, ya tauna ruda yana yatsina fuska yana cewa shi fa bai yarda da wannan ba, amma a ƙaro masa ganye ko na farkon bai isa ba. Nemesia mai tsohon ciki ta zo. Don Polo ya zo da warin giyarsa, ya karɓe ta ya fashe da kuka, yana cewa, “'Yata, ni ina zan ga jaririya in yi mata ido? Ni ko hanyar gidana da ƙyar nake ganinta.” Har mai tallar gishiri Ruperto ya bi a keke ya dawo da shi. Mutumin ya ce shi dai a duk yawonsa ba a taɓa kamo shi don ya yi tofi ba. Yanzu kan Otilia warin ruda yake kamar lambu, ita kuwa kukanta take.

Ruperto ya rame. Gani yake duk abin da ya same mu daga wutar nan ya faro. Kafin in haihu ya shiga daji ya samo kututtuka masu zuma ya kai wa Baba, Baba ya juya masa baya, shi kuma ya ajiye su a gindin shingensa ya dawo. Ni kuwa in na tsaya a bakin rijiya ina hango rufin gidan Baba. Kewarsa nake yi, Gwaggo, kuma haushinsa nake ji, duka biyun a lokaci guda. Jikarsa ta kusa wata uku bai taɓa ganinta ba.

Kamar wannan bai ishe mu ba, wani alade ya sa mu gaba. Kullum sai mu tarar duwatsu sun zubo daga katangar bayan gida, daidai inda tsohon cecem ɗin nan yake tsaye kusa da cakah ɗinmu. Har reshe ya karye. Ruperto ya yi wa maƙwabci magana, maƙwabci ya ce aladensa ba ya hawa gini.

Don Allah ki zo. In kika taɓa jijiyar hannunta za ki san abin da ke damunta.

'Yarki,
Fidelia


Saban, daren jiya aka yi ruwa, yau Juma'a

'Yata Fidelia,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da Ruperto, da 'yar mai kunnuwan Tamay. Serapio yana amsawa. Takardarki da ta ubanki a aljihu ɗaya Abundio ya kawo su. Na karanta tashi, na karanta taki, na yi dariya har kaji suka watse.

Kada ki ji haushin dariyar, ban raina ciwon jikata ba. Saurara da kyau. Ki ci gaba da abin da nas ta ce, ba ya faɗa da nawa. In kika ga ta ƙi nono, ko maɗigarta ta lotsa, kada ki jira ni, kada ki jira tofin kowa, ki ɗauke ta ku koma Sotuta ko da a ƙafa ne.

Da safe kafin rana ta yi zafi ki je wurin ruda da lemon gidanki da ɗoɗɗoyar da ke gindin tulu. Ki gaishe su kamar yadda na koya miki, ki faɗi sunan yarinyar, ki ce don ita kika zo roƙo. Kada ki fizga kamar mai fige kaza. Ganye tara-tara, kamar kullum. Ki murje su a ruwa, ki ajiye a rana ya yi ɗumi, ki yi mata wanka daga kai zuwa ƙafa, ki naɗe ta, kada iska ta taɓa ta. Ki ɗan turara pom, ƙaron nan mai ƙamshi, a ƙarƙashin raga. Ragar kuma ki ɗauke ta daga gindin lemo, an ce iska na bugawa a wurin.

Zuwa ba zai yiwu yanzu ba. Akwai yarinya a nan mai cikin tagwaye, ɗaya ya kwanta a gicciye, kullum sai na murza cikin ina lallashinsa ya juyo. Ba zan matsa ba sai sun sauka.

Yanzu maganar alade. Ku rabu da maƙwabci, gaskiya ya faɗa. Aladenku yana sa hular kaba, yana da gashin baki, kuma a hannuna ya koyi tafiya. Ki tuna wa ya rage a Tabi bai ɗauki 'yarki ba.

Ga abin da za ki yi. Ki je wurin cakah ɗin bayan gidanki, ki nemi izininsa, ki ɓare ɓawon ta gefen gabas kawai, tsawon tafin hannu, kada ki zagaye jikinsa ki kashe shi. Ki dafa har ruwan ya yi ja kamar shayi. Ki zuba a ƙwarya ki ɗora a kan katangar, daidai inda duwatsu ke zubowa, ki koma ɗaki. Kada ki leƙa, kada ki kira shi, kada ki bar Ruperto ya je ba da haƙuri. Na san ƙanena. In aka bi shi gudu yake, in aka ƙyale shi sai ya fara kewayawa.

Ki ci abinci mai ɗumi, kada ki sha ruwan sanyi kina shayarwa. Allah ya ba ta lafiya.

Gwaggonki,
Bartola


Saban, Juma'ar dai

Doro ƙanena,

Na karɓi takardarka mai cike da girmamawa, na gode, ina gaishe ka kai da hannuwanka.

Ka ce kada in yi dariya. Na yi. Ka ce ba ka son tambayoyi. Ɗaya ce kawai. A wace gona? Tun kana saurayi ka bi cecem ɗin gonarka ka tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, kana ta alfahari a gaban 'yan mata. Ko wani ya tsiro cikin dare ya yi reshe don ya rungume ka?

Ɓawon hanyar coci ba zai yi maka komai ba. Mahaifiyarmu ta sha faɗa mana muna biye da ita a daji: duk inda cecem ya tsaya, ka duba kusa za ka ga cakah, kuma wanda ya girma tare da wanda ya ƙone ka shi ne ya san dafinsa. Kai lokacin hankalinka yana kan harbin tsuntsu. Don haka ba abin da zan aiko maka. Maganinka yana tsaye kusa da itacen da ka riƙe kana ɗage a kan katangar mutane, kuma reshensa a cikin gidan 'yarka yake.

Yanzu bari in daina wasa. Jikarka ba ta da lafiya, ka ji kukanta da kunnenka. Ka dawo daga gona da tsakar rana, gumi na zuba, cikinka ba ko kunun masara, ka tsaya ka zuba wa jaririya ido da duk kewar da ka tara, sannan ka juya ka tafi ba ka taɓa ta ba. Kai ka sani, ni na sani, ba a yin haka. Ko baƙo ya wuce ya ga jariri ya burge shi, yakan tsaya ya ɗauke shi don kada ya bar masa zafi. Ban ce mugunta ka yi ba. Idon ƙauna ya fi kama yaro, shi ya fi daɗewa yana kallo.

Duk garin sun tauna ruda saboda kai. Malami ya tauna, Polo ya tauna, har mai gishiri an kamo. Saura mutum ɗaya. Ka je da rana, da rigar da ka yi gumi a ciki, ka ɗauke ta, ka naɗe ta a rigar, ka tauna ganyen ka fesa mata, ka yi mata alamar gicciye a goshi. Ba sai na koya maka ba, a gabanka aka yi wa Fidelia tana ƙarama.

Na san zafin amyoyin nan. Ni ma mahaifina ne ya fafe su, na yi kuka da na ji. Amma yaron bai yi da gangan ba, kuma ita wannan da ke cikin raga ba ta cinna wa kowa wuta ba.

Ka daina susa, ƙara yaɗuwa yake.

Yayarka,
Bartola


Tabi, tsakiyar Yuli

Zuwa ga yayata Bartola.

Ina gaishe ki, ko da yake takardarki ba ta bar mini wurin gaisuwa mai daɗi ba. Tun muna yara bakinki ya fi addata kaifi, tsufa bai dakushe shi ba.

Ba leƙe na je ba. Hanyar bayan gidansu ta fi kusa daga gona, kowa ya sani. Na ji ƙaramar murya, na tsaya in tabbatar ba kyanwa ce ta faɗa rijiya ba. Katangar ta fi ni tsawo, shi ya sa na taka dutse na kama reshe. Ban dubi ko reshen mene ne ba. Idan na koma bayan wannan, to don in ga ko sun gyara ragar ne.

Yaya, tana kwance ta kama babban yatsan ƙafarta tana yi masa magana. Ta juyo ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni kamar ta san bashin gaisuwa take bi na. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Da na sauko ne na ga baƙin ruwan itacen a hannuwana.

Tun da na karanta takardarki abinci ba ya wuce mini. Idan ni na sa mata wannan ciwon, to na fi Ruperto laifi, don shi kututture ya ƙona. Amma ki duba inda nake. Na rantse a gaban gicciye, mutane suna ji. Wanda ya karya irin wannan rantsuwa ba shi kaɗai abin ke bi ba, yakan sauka a kan na ƙasa da shi, kuma wa ke ƙasa da ni in ba ita ba? In na shiga ina tsoro, in ban shiga ba ina tsoro. Sannan da waɗanne hannuwa zan ɗauke ta? Waɗannan masu tsiyayar ruwa? Fatarta ko ɓawon ƙwai ya fi ta kauri.

Wani ya fara ajiye ƙwarya a kan katangar. Ban san ko wane ne ba. Na ɗauke ta don kada kaji su ɓarar. Ƙaiƙayin ya ɗan lafa, amma wannan ba ya nufin kin yi gaskiya a komai.

Ki gaya mini abin yi, ba tare da ba'a ba in za ki iya.

Ƙaninki,
Isidoro


Saban

Doro,

Gaisuwa, kuma yau ba ba'a. Tagwayen sun sauka lafiya, duka mata, na gaji, don haka zan taƙaita.

Ka ci gaba da wanke hannuwan har ƙurajen su bushe, sannan ka naɗe su da tsumma mai tsabta. Ruwan itacen ne ke ƙuna, ba ruwan jikinka ba, kuma wancan ya daɗe da wankewa. Ba abin da za ka shafa mata.

Rantsuwa kuwa ba ni da ganyenta. Na zagaye dajin nan tun ina budurwa ban ga itacen da ke warware ta ba. Abin da na sani shi ne, na kama jarirai da yawa a hannun nan, ban taɓa ganin wanda Allah ya hukunta don kakansa ya ɗauke shi ba. Ka tashi ka je inda ƙafarka ta saba kai ka, ka buɗe baki ka kira 'yarka. Daga nan ba kai kaɗai za ka yi tunanin ba.

Ka huta lafiya.
Bartola


Tabi, ranar Lahadi bayan coci

Gwaggona,

Ina gaishe ki da hannu biyu yau, don ba na jijjiga kowa. Ina taya ki murnar tagwaye. Ki zauna sosai kafin ki karanta, ki kira Baba Serapio ma ya ji.

Na yi yadda kika ce. Kullum in ɗora ƙwarya, in dawo in tarar da ita wayam, an ma wanke ta an kife. Wankan ganyen ya ɗan sa Otilia barci, amma idon yana nan a ƙanƙance, kukan rana kuma bai bari ba. Ranar Alhamis da tsakar rana ina murza masara sai na ji an yi gyaran murya a bayan katanga. Na san wannan gyaran muryar tun ina cikin raga. Na saki dutsen niƙan.

“Fidelia.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

Sai ya ce, “Ɓawon nan kina dafa shi ya wuce kima.”

Gwaggo, fiye da shekara bai yi mini magana ba, da wannan ya fara. Na ce, “To, Baba, gobe zan rage wuta.” Na matsa na gan shi ya taka dutse, hula da gashin baki kawai ke bisa katanga, ya yi nesa-nesa da reshen cecem kamar mai gudun kare.

Ya ce, “Miƙo ta nan.”

Na ce, “Ta ina? Ta ƙarƙashin itacen da ya mai da kai haka? An yi ruwa da safe, ganyen na ɗiga. Ba zan miƙa 'yata ta nan ba. Ga ƙofa can a buɗe.”

“Kin san ba zan bi ƙofa ba.”

“To ni ma ka san ba zan miƙo ba. Kai ka haife ni.”

Ya yi ƙwafa, ya matsa can wajen cakah, ya fara hawa. Mutum mai shekarunsa, hannuwa a naɗe da tsumma kamar ƙullin tamale, alalen masara. Ya ɗora ƙafa ɗaya ta tsallako, ɗayar ta ƙi biyowa. Ya zauna a kan katanga kamar mai hawan doki, duwatsu na motsi a ƙarƙashinsa, ba gaba ba baya. Maƙwabcinmu mai alade ya leƙo ya ce, “Barka da rana, Don Isidoro. Ashe kai ne nake ta shan zagi dominka.” Baba ya ce masa ya je ya ji da abin da ya dame shi.

Ruperto yana gyaran rumfar talo-talo duk yana gani. Na yi masa ido kada ya ce komai. Ya ajiye adda ya zo, ya fara ɗauke duwatsun da ke gefen Baba ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa. Baba yana kallon sama kamar ba shi ake yi wa ba. Da katangar ta sauko daidai gwiwa, Ruperto ya miƙa masa kafaɗa ya ce, “Baba, nan ba ƙofa ba ce. Gini ne ya zube, kuma ni zan gyara.”

Baba ya daɗe yana duban wurin. Ya ce, “Da ma ginin banza ne. Wa ya jera shi?”

Ruperto ya ce, “Ni ne, Baba.”

“Na ga alama.” Ya dafa kafaɗarsa ya sauko.

Na kawo ta tana tsala kuka. Ya tuɓe rigarsa jiƙe da gumi ya shimfiɗa a hannuwansa, na ɗora ta. Ya jawo ta jikinsa a hankali. Na miƙa masa ruda ya tauna, ya zo fesawa sai bakin ya ƙi haɗuwa, don kuka yake yi. Sai da ya sake taunawa. Ya fesa mata a maɗiga, ya yi mata gicciye a goshi, ya ce, “Ni ne, 'yar nan. Ni na kalle ki na tafi. Ga ni na dawo, ba ni zafina.” Ta ƙara ƙarfin kukan har na ce shi ke nan, wannan ma bai yi ba. Sai ta kama gashin bakinsa ta ja, ta yi wata gyatsa irin ta Don Polo, ta kwantar da kai a ƙirjinsa ta yi barci.

Bai yarda ya zauna ba, wai za ta farka. A tsaye ya ci gurasar masara, ni ke ba shi a baki. Kafin la'asar rabin unguwa sun taru a wurin da ginin ya zube, duk waɗanda suka tauna ruda a banza. Malami ya ce yana neman diyyar harshensa. Nemesia ta ce in ta haihu za ta rufe nata da kwando in Baba zai wuce. Baba yana ta harararsu yana cewa su rage murya.

Yau idon ya buɗe daidai da ɗan'uwansa, kashin ya gyaru, tana shan nono kamar mai ramuwa. Ko wankanki ne, ko ruwan nas, ko Baba, ban sani ba, na dai gode wa Allah da ku duka. Ruperto ya zo zai mai da duwatsun, Baba ya ce ya bari tukuna, ba a gini da damina. Ta nan yake shigowa safe da yamma. Har yanzu bai kira Ruperto da sunansa ba, “kai yaro” yake ce masa, amma jiya na ji yana yi masa faɗa a kan yadda ake toshe bakin amya, kuma faɗan ya kai su har gidan Baba.

Daɗi nake ji, Gwaggo, har ban san inda zan sa kaina ba. Ki zo da zarar mai tagwaye ta miƙe.

'Yarki mai ƙaunarki,
Fidelia


Tabi, farkon Agusta

Zuwa ga yayata Bartola.

Bayan gaisuwa da girmamawa, hannuwa sun warke. Na san Fidelia ta rubuto miki, kuma na san ta ƙara gishiri. Ban yi kuka ba, ruda ce mai yaji.

Ki aiko mini da maganin ciwon baya ta hannun Abundio, mai ƙarfi, kuma da yawa. Yarinyar nan nauyi take ƙarawa kullum, kuma in ba a kafaɗata ba ba ta barci. Uwarta ta ce in ajiye ta in huta, wai zan sangarta ta. Na ce mata wata uku ina ajiye da ita, ya isa.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Isidoro